Wai a wane lokaci ne na shekara yaro zai fita waje?

Maman Khalil: Assalamu alaikum iyayen gidan nan. Don Allah shawara nake nema kuma kar a yi min dariya. Yarona watansa 19, muna haya a saman bene a Kano, ba tsakar gida sai 'yar baranda da nake shanya. Jiya Hajiyar su Abban Khalil ta zo, tana shigowa ta same shi manne da taga yana leƙen yaran da suke wasa a ƙasa, sai cewa ta yi wannan angon nawa kun mayar min da shi kazar gidan gona, ko ƙasa bai taɓa takawa ba. Na yi dariya a gabanta amma wlh maganar ta tsaya min a rai, don da na kwanta na yi lissafi sai na ga da gaskiyarta. Bazara na ce zafi da sanƙarau, damina na ce sauro da kwata, kaka ta zo na ce ai sauron bai tafi ba, yanzu ga hunturu ina cewa sanyi da ƙura. Shekara ta zagayo kenan yaro daga ɗaki sai mota sai asibitin rigakafi. Ku yaya kuke yi da naku?

Ummu Hanan: Wa alaikumussalam. Hhhh kazar gidan gona, kai tsofaffin nan ba dama. Maman Khalil ɗan fari ne ko? Ai daga ji.

Maman Khalil: Shi ne wlh 🙈

Ummu Hanan: Shi ya sa. Bari na biyu ya zo, da kanki za ki buɗe musu ƙofa ki ce ku tafi ku ba ni waje. Ni ta farin ko cokalinta sai na dafa, na ukun nan kuwa ranar na same shi yana tsotsar silifas ɗin babansa, karɓewa kawai na yi na ci gaba da tankaɗena.

Hajiya Babba: Ƴata surukarki ta faɗa miki gaskiya, kuma ki gode Allah da wasa ta faɗa. Mu da muka yi goyo a gidan yawa, yaro yana fara rarrafe ya zama na kowa. Da ɗari ba ma fito da su da sassafe, sai hantsi ya dubi ludayi a shimfiɗa tabarma jikin katangar da rana take bugawa, a shafe su da man kaɗe tun daga ka har tafin ƙafa su yi ta sha'aninsu. Wanka sau ɗaya da rana tsaka. La'asar sakaliya a mayar da su ɗaki. Tara na haifa a haka.

Maman Twins Abuja: Hajiya da girmanki amma zamanin ba ɗaya ba ne fa. Tsakar gidanku a share yake da katanga, kowa ya san kowa. Yanzu ƙasan benen da take magana layi ne, ga 'yan adaidaita ga masu babur ga kwata a buɗe, ga satar yara da ake ta ji. Ni gsky ban ga laifinta ba, nawa ma ba sa fita sai ƙarshen sati mu je Millennium Park su yi gudu a ciyawa mu dawo.

Hajiya Babba: Ban ce ta sake shi a titi ba ai. Ta sauka da shi ta zauna tana kallonsa. Ko saukowar ce aiki?

Maman Khalil: Hajiya kin kama ni 😂 wani lokacin har da ƙiwar sa hijabi da saukowa

Sista Rabi: Salam. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani asibitin sha-ka-tafi, bari na ɗan tsoma baki tunda abin da muke gani kullum ne. Maman Khalil tsoronki ba na banza ba ne, sai dai kowane a cikinsu yana da awanninsa, ba wuni guda yake ɗauka ba. Ɗauki sauro. Wanda yake kawo zazzaɓin cizon sauro da dare yake cizo, daga magariba zuwa asuba. To yaron da ya yi wasa a waje ƙarfe goma na safe a watan Agusta ba a nan zai samu maleriya ba, a kan gadonki zai samu in ba gidan sauro. Na sha ganin uwa ta kulle yaro wuni guda saboda sauro, da dare kuma net ɗin yana naɗe a saman sif wai zafi yake sa su.

Haka sanƙarau. Mutane suna cewa zafi ne yake kawo shi, ƙwayar cuta ce da take bin numfashi daga mutum zuwa mutum, busasshiyar iska da ƙura suna raunata maƙogwaro su ba ta hanya, cunkoso a ɗaki marar taga kuma ya yaɗa ta. Shi ya sa yake tashi daga hunturu zuwa bazara, ruwa yana sauka sai ya lafa. Kin ga kenan kulle ɗaki ba maganinsa ba ne, rigakafi ne da iska. Ki duba katinsa, a wata tara ana yin ta ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau, a wata 15 kuma a koma a yi ta ƙyanda ta biyu. Wannan ta biyun ita ce iyaye suka fi mantawa.

Maman Khalil: Innalillahi. Yanzu na ɗauko katin, gurin wata 15 ɗin ba a cike ba. Na ɗauka daga wata tara an gama. Ya wuce kenan?

Sista Rabi: Bai wuce ba, ki kai shi ranar rigakafi mai zuwa za a yi masa, kyauta ne.

Ummu Hanan: Kin gani ko, ana tsoron ƙura ashe allura ce a baya

Maman Khalil: Ki bari kawai, kunya ta gama kama ni

Inna Sakkwato: Ku Kanawa har kuna da bakin maganar zahi? Ku zo nan watan Afrilu ku gani, sama da digiri 40 kullum, ga ba wuta, katihwa kamar an ɗora ta bisa murhu. Mu in bazara ta yi ɗaki ba ya shiguwa, tsakar gida muke kwana da yara, a yayyafa ruwa a ƙasa bayan magariba a ɗaura gidan sauro jikin igiyar shanya. Hitar yaro kuwa daga an sallame asuba zuwa ƙarhe tara, sai kuma bayan la'asar. Tsakanin nan yana cikin baho gindin dogonyaro daga shi sai pant. Azumin 2024 da ya faɗo cikin Maris da Afrilu na sha wuya da ɗiyata, ina shayarwa ga ƙishi ga ƙurajen zahi sun feso mata har cikin kai, dare ba barci. Abin da ya taimake ni cire pampas ɗin nan da rana, da ruwan randa a kai a kai ba sai ta nema ba, don ɗan shekara ɗaya da rabi bai san ya ce ƙishi yake ji ba sai dai rigima.

Sista Rabi: Inna ta kawo magana mai kyau. Ƙari ɗaya, bahon nan kar a bar yaro a ciki a shiga kicin ko da minti ɗaya ne. Ruwan da bai kai gwiwarki ba ya isa, kansu ya fi jikinsu nauyi, in suka kifa a bokiti ba sa iya tasowa kuma ba za ki ji kuka ba. Da damina da ake jera bokitai da robobi ƙarƙashin indararo a nan nake jin tsoro, fiye da sauron ma.

Maman Twins Abuja: Subhanallah jikina har ya yi sanyi

Maman Sultan Collections: Assalamu alaikum akwai rigunan sanyi na yara daga wata shida zuwa shekara biyar, hula da safa da overall masu kauri, muna turawa kowace jiha, a yi min magana ta private

Admin: Maman Sultan ranar talla Asabar ce don Allah. Wannan karo na biyu kenan.

Abban Nana: Salamu alaikum, a yi haƙuri namiji ya shigo zancen mata. Ni abin da na lura da shi, ana ta cewa uwa ta fitar uwa ta fitar, ina uban? Matar da ta wuni tana girki da wanki ita ce kuma za ta sauko bene da yaro? Ni tun Nana tana wata 14 in na dawo daga kasuwa nake saɓa ta a kafaɗa mu je ƙofar gida majalisa, ko in zan je sayen burodi mu tafi tare a ƙafa. Tafiyar minti biyar sai ta kai mu rabin awa don duk akuyar da ta gani sai ta tsaya sun gaisa, duk dutse sai ta ɗauka. Kalmarta ta farko bayan Baba "mee" ce. Abban Khalil ya karɓi wannan aikin mana.

Ummu Hanan: Allah ya yi maka albarka Abban Nana, don Allah a yi screenshot a tura wa mazajenmu

Maman Khalil: Na riga na tura 😂 ya gani ya yi shiru

Maman Twins Abuja: Majalisa kuma? Inda ake busa sigari ana zagin 'yan siyasa? A'a ni dai ban yarda ba

Abban Nana: Hajiya tamu majalisar ta dattawa ce, daga rake sai rediyo

Maman Iman Jos: Ni dariya nake da kuke cewa sanyi a Kano. Nan Jos Disamba da Janairu da asuba ruwan famfo kamar ƙanƙara, baki har hayaƙi yake. Kuma yaranmu suna fita, a dai jibga musu kaya. Abin da nake so na ja kunne a kai shi ne gawayi. Maƙociyata bara ta shigar da kasko ɗaki ta rufe ƙofa da taga saboda jaririnta, Allah ne ya sa mijin ya dawo da wuri ya same su duk sun galabaita ita har ba ta iya tashi, sai asibiti. Iskar da gawayi yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, barci kawai za ka ji yana ɗaukarka. Ga ƙuna, yaro mai tatata yana ganin jan garwashi wajensa zai nufa. Ni yanzu na gwammace na sa mata riga uku da safa.

Hajiya Babba: Wannan gaskiya ne. Mu ma da muke sa wuta a ɗakin mai jego, ɗakunan da na soro ne da azara, iska tana shiga ta ko'ina, ba irin naku na silin da gilas ba.

Maman Khalil: To Sista ƙurar fa? Shi da an yi hazo sai hanci ya toshe, wani lokacin har haɓo yake. Hajiyar su Abbansa ta ce na dinga sa masa man zafi a hanci.

Sista Rabi: A'a banda man zafi a hanci, kuma ƙasa da shekara biyu ko a ƙirji ba a so, musamman mai kafur. Cikin hancin ne yake bushewa ya tsage. Ki samu ruwan gishirin nan na ɗigawa a hanci a kemis, ki ɗan shafa basilin kaɗan a bakin hancin. In haɓon ya zo kar ki ɗaga kansa sama yadda aka saba, jinin maƙogwaro zai koma, ki sunkuyar da shi gaba ki matse tattausan wajen hancin kamar minti goma. Ranar da hazo ya yi kauri har ba kya hango ƙarshen layinku, ranar kam ku zauna a gida, ba kullum ake yinsa ba ai. Tari kuma tunda ya wuce shekara ɗaya za ki iya ba shi zuma ƙaramin cokali. Amma in kika ga numfashi yana sauri ko ƙasan haƙarƙari yana shiga ciki, wannan ba na zuma ba ne, asibiti.

Abban Nana: Hazon nan ma fa baƙo ne, yawancinsa daga Chadi yake tasowa, wani kwari da ake kira Bodele a arewacin ƙasar inda tsohon tafki ya ƙafe. Iskar arewa maso gabas ce take kwaso mana shi.

Maman Zara Damagaram: To mu ta kanmu yake bi kahin ya iso muku, ku saura kuke samu 😄 Nan Zinder in iskan ya taso ko tuwo ka ci sai ka ji rairai a haƙori. Amma ni damana ce lokacin da na hi so da yara. Garin ya yi sanyi, ko'ina kore, mu tahi gona da su ranar Lahadi. Maganin da ake ba yara na rigakahin masassarar cizon sauro wata-wata, mu nan CPS muke ce mishi, ku ma ana ba ku?

Sista Rabi: Ana bayarwa, gida-gida ake bi, daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, yawanci daga Yuli zuwa Oktoba. Na kwana uku ne kowane wata, na ranar farko a gabansu ake sha, na kwana biyun a bar wa uwa. Matsalar a nan take, da yaro ya tofar ko ya yi amai sau ɗaya sai a jefa sauran a kwandon shara. Maman Khalil ke da kike saman bene ma ina zargin ko ƙwanƙwasa miki suka yi ba kya buɗewa.

Maman Khalil: Sista yau dai kin sa ni a gaba wlh. Sau ɗaya na buɗe.

Ummu Hanan: Wankan ruwan sama fa? Ni nawa ba na hana su, mu ma mun yi, in dai ba tsawa ake ba. Suna shigowa ruwan ɗumi da shayi shikenan.

Maman Twins Abuja: Ɗan wata 19 a ruwan sama?? Ummu Hanan ke kam sai addu'a

Ummu Hanan: Yayyafi nake nufi ba irin na Agusta mai cika kwata ba, haba

Ya Falmata: Ni daga Maiduguri, ku yi haƙuri ni in aka ce damina yanzu gabana faɗuwa yake. Satumbar 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle cikin dare muka fita, ɗana lokacin shekararsa biyu saura, a wuya babansa ya ɗora shi ruwa har ƙirji. Mun yi sati uku a gidan 'yan uwa mu wajen talatin. Abin da ya biyo baya gudawa ce, kusan duk yaran gidan. Ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinc su suka cece mu bayan ikon Allah, yanzu ko yaushe akwai su a jakata. Har yau in hadari ya haɗu sai ya zo ya riƙe min zani. Amma duk da haka ina fitar da shi, in an ɗauke ruwa mu je ya ga kwaɗi, so nake tsoron ya sake shi.

Hajiya Babba: Allah sarki Falmata. Allah ya kiyaye gaba, ya mayar muku da alheri.

Maman Iman Jos: Amin ya Allah

Maman Khalil: Amin. Wlh sai na ji kunyar ƙorafina.

Ya Falmata: A'a kar ki ji, kowa da irin nasa

Maman Amir UK: Na zo a makare. Ni ina Manchester, kuma wlh da za a ba ni ranar Kano ta awa ɗaya da na saya. Nan Disamba kafin ƙarfe huɗu duhu ya yi, ga yayyafi ba ranar hutu. Farkon zuwana wata biyu ban fitar da Amir ba, sai ni ce ma na fara zama wata iri, kuka ba dalili. Malamar lafiyar da take zuwa gida ta ce na dinga fita kullum ko na minti ashirin ne. A nursery ɗinsu ko ana yayyafi sai sun fitar da su da rigar ruwa da takalmin roba su yi ta tsalle a taɓo, na farko har faɗa na so yi. Sannan nan duk yaro ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu ana cewa a ba shi vitamin D kullum saboda ƙarancin rana, mu masu duhun fata ma abin ya fi shafarmu. Maman Khalil ki kula kar rashin rana ya sa masa gwame.

Maman Khalil: Wayyo ƙafarsa fa ta ɗan yi baka 😭

Sista Rabi: Kwantar da hankalinki, yawancin yara ƙasa da shekara biyu haka ƙafarsu take, tana miƙewa da kanta. In ya wuce biyu tana ƙaruwa ko ɗaya ta fi ɗaya sai a duba. Kuma a nan ƙasar binciken da aka yi a Jos ya nuna yawancin masu wannan ciwon ƙashin ba rana suka rasa ba, sinadarin calcium ne ya yi musu kaɗan a abinci, an yaye yaro an bar shi da koko zalla. Ki dinga ba shi madara ko nono ko kindirmo, da dakakken ƙananan kifi a miya. Ranar ma ya samu, ba na hana ba.

Hajiya Babba: Kuma ki bar shi ya ci ƙasa kaɗan, ƙarfin ƙashi ce

Sista Rabi: Hajiyata a nan kam za mu rabu 😄 Wasa da ƙasa eh, ci a'a. Tsutsar ciki daga nan take, shi ya sa daga shekara ɗaya ake ba su maganinta tare da vitamin A a makon lafiyar mata da yara. Kuma ba kowace ƙasa ba ce, ki tuna Zamfara a 2010, yankin Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu da gubar dalma saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gida suna wasa a wajen. Ko a birni ni ba zan bar yaro ya yi wasa inda ake fasa batir ko zubar da baƙin mai ba.

Hajiya Babba: To likita na ji. Amma ko kin hana sai ya ci.

Sista Rabi: Wannan kuma gaskiya ne

Maman Zara Damagaram: Ba wanda ya yi zancen kaka. Ku kai shi ƙauye lokacin girbi ya ga ana ɗaurin damin hatsi, ga rake ga dankali ga kankana. Gyaɗa dai da magarya a ɓoye su, ɗan ƙanwata gyaɗa ɗaya ta sarƙe shi sai da aka kwana likita. Da ƙaiƙayi, kar ya je inda ake sussuka, in ya shiga wuyan yaro ranar ba mai barci.

Maman Khalil: Ai Hajiyar su Abbansa ta riga ta ce ita za ta yaye shi, in ya cika biyu za ta tafi da shi Ɗambatta wata guda. Ni ko tunanin ba na son yi.

Ummu Hanan: Zai dawo miki baƙi ƙirin da kumatu yana ce miki Anti

Maman Khalil: Salam iyayena, na dawo da rahoto. Talata an yi allurar, ya ɗan yi zazzaɓi ya wuce. Yau kuma ƙarfe sha ɗaya na shafe shi da man kaɗe na sa masa hula muka sauka, akwai wani fili bayan gidan inda mai gidan ya zube yashin gini. Na cire masa takalmi ɗaya na ɗora ƙafar a yashi, wlh ihu ya saka ya naɗe ƙafafun sama kamar na sa shi a wuta, yaran layi suka taru suna dariya. Mun fi minti goma a haka yana maƙale da hijabina. Sai ga wata kaza da 'yan tsakinta, ban san sanda ya sauka ba. Ya bi su har gindin mota, uwar ta juyo ta taso masa ya faɗi zaune, na ce yanzu za a yi kuka, sai ya kama dariya. Awa ɗaya muka yi, da ƙyar na ɗauko shi yana ta turjewa. Yanzu haka yana barci tun ƙarfe ɗaya, yaron da sai na yi ta jijjiga a baya. Hanci dai ya fara yoyo, Abbansa ya ce kin gani ko, na ce gobe ma kai za ka sauka da shi.

Hajiya Babba: Madalla da angona

Maman Twins Abuja: Hmm. Ki dai duba yashin nan da kyau, kunama tana son irinsa

Maman Khalil: Zan duba in sha Allah. Takalmin da na cire ɗin ne ma na manta a can, na koma ban gan shi ba, sabo fil na Sallah

Ummu Hanan: Tambayi yaran layi, yana wajen ɗayansu

Maman Sultan Collections: Akwai takalma ma size 21 zuwa 25

Admin: Maman Sultan.